In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Duk wanda ya taɓa wucewa da sassafe ta ƙofar ƙaramin asibitin gwamnati a garuruwan da ke kewaye da birnin Abuja, ko Kubwa, ko Nyanya, ko Karmo, ko Gwagwalada, lalle ya ga mata jere bisa benci, kowacce da goyo a baya da kati a hannu. Waɗansu tun bayan sallar asuba suka baro gida. Waɗansu kuwa kuɗin cefanen ranar suka taɓa suka biya mai babur. Ba abin da ya kawo su sai neman lafiyar 'ya'yansu, wannan kuwa abin yabo ne ƙwarai. Amma da za a tsaya a bakin ƙofa a tambayi masu fitowa abu uku, watau wace allura aka yi wa yaron yau, me zai iya biyo baya da dare, kuma yaushe za a komo, da an sha mamakin yawan waɗanda za su yi shiru. Shirun nan ba na rashin hankali ba ne. Ba a gaya musu ba ne, ko kuwa an faɗa cikin gaggawa, da harshen da ba su ji sosai.

A ɗauki misalin mace daga wani ƙauye a ƙasar Kuje, wadda ɗanta ya cika wata tara, ta kawo shi allurar ƙyanda. Bayan ta daɗe a layi sai aka ce mata, "Ba yau ba ne, ki dawo." Ba a gaya mata ranar ba, ba a kuma gaya mata dalili ba. Ta koma gida ta shaida wa maigida cewa an kore ta, shi kuwa ya ce ba shi da kuɗin motar da zai riƙa zubarwa a banza. Ga kuma wata da aka yi wa jaririnta allurar mako shida, da dare jikinsa ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya hana kowa barci. Da gari ya waye sai kakarsa ta yanke hukunci cewa ba za a ƙara kai mata jika a soka masa ciwo ba. Ga kuma magidanci da ya ji a bakin maƙwabci cewa maganin yara kyauta ne, ya ɗauki 'yarsa mai zazzaɓi ba ko kwabo a aljihu, da ya isa aka miƙa masa takardar biyan kuɗin gwaji. Ya fita da fushi, daga ranar nan kuwa kemis ɗin bakin kasuwa ya zama asibitinsa.

A gidajen nan uku akwai magani a asibiti, akwai ma'aikaci, akwai kuma niyyar iyaye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani, wanda bai wuce maganar minti biyu ba. Matar Kuje da an gaya mata cewa kwalbar allurar ƙyanda ta yara da yawa ce, kuma in an haɗa ta ba ta wuce sa'a 6 sai a zubar, shi ya sa asibitoci da dama ke keɓe mata rana guda a mako, sa'an nan aka rubuta mata ranar a kati, da ta komo. Uwar jariri da an gaya mata cewa ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani bayan wannan allura, kuma ga abin da za ta yi masa, da kaka ba ta sami abin faɗa ba. Magidanci da ya ga farashi a rubuce a bango, da ya zo da shirinsa. Aikin lafiyar da iyaye ba su san da shi ba, ko suka san shi a karkace, bai amfani yaro da kome ba, ko da an kashe masa miliyoyin Naira.

Abin Da Doka Ta Ce

Mutane da yawa na ɗaukar bayanin ma'aikacin asibiti a matsayin alfarma, in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba ya bari. A Nijeriya abin ya wuce haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ta yi magana a kai filla-filla. Sashe na 23 ya wajabta wa mai ba da magani ya sanar da majiyyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da irin gwaje-gwaje da magungunan da za a iya yi masa, da amfaninsu, da haɗarinsu, da kuɗinsu, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓa tare da abin da ƙin zai haifar. Sashen ya ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da mutum ke ji, a kuma lura da matsayin karatunsa. Tun da jariri ba ya jin magana, ashe ke nan uwa da uba su ne wannan haƙƙi ya hau kansu.

Sashe na 24 kuwa ya ɗora wa hukumomin lafiya, tun daga Ma'aikatar Tarayya har zuwa na ƙananan hukumomi, nauyin yaɗa cikakken bayani da kuma kafa shi a fili cikin asibiti: irin ayyukan da ake yi a wurin, da yadda aka tsara su, da ranaku da lokutan aiki, da hanyar kai ƙara, da haƙƙoƙi da wajiban majiyyata da na ma'aikata. Har ila yau sashe na 20 ya haramta ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Daɗin daɗawa, a watan Yuli na 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majiyyata a nan Abuja, wanda ya sake jaddada samun bayani da harshen da ake ji, da kuma lissafin kuɗi a fili ba ɓoye-ɓoye.

Duk waɗannan takardu a Abuja aka rubuta su, a Abuja aka sa musu hannu. Hedkwatar Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wadda aka kafa a 1992, ita ma a Garki take. To, idan akwai wurin da ya kamata a fara ganin dokar nan tana aiki a bangon kowane ɗakin shan magani, ai Birnin Tarayya ne. Abin kunya ne a ce tazarar da ke tsakanin ofishin da aka tsara doka da benci da uwa ke zaune ba ta kai tafiyar sa'a guda a mota ba, amma labarin dokar bai iso ta ba.

Doka ta kuma ɗora wa iyaye nasu nauyin. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, ta wajabta wa duk mai riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ya tabbatar an yi masa cikakken rigakafi. Amma adalci shi ne, wanda za a tuhuma da sakaci a fara sanar da shi abin da ake bukata daga gare shi.

Abin Da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

Rigakafin yara na yau da kullum kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma zuwa shida ne manya. Da haihuwa ana yi wa jariri allurar tarin fuka, da ta ciwon hanta wadda aka fi so a yi cikin sa'a 24 na farko, a kuma ɗiga masa maganin shan inna. A mako 6, da mako 10, da mako 14, ana yi masa allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ma'aikata ke kira Fenta, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2012, tana kuma kare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau. A waɗannan ranaku ne kuma ake ba da rigakafin ciwon huhu, da na shan inna, da na gudawa mai tsanani wanda aka shigo da shi a 2022. A wata 9 sai allurar ƙyanda, da ta shawara, da ta sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Daga wata 6 kuma ana fara ɗiga wa yaro bitamin A. Tun daga Oktoban 2023 an ƙara rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Abuja kuwa na cikin wuraren da aka fara.

Jadawalin nan yakan sami ƙari lokaci zuwa lokaci, shi ya sa katin yaro ya zama takardar da ba a wasa da ita. Akwai kuma ƙananan bayanai da rashin faɗarsu ke jawo babbar asara. Wurin allurar tarin fuka a dantse yakan yi ɗan ƙurji bayan waɗansu makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo, ba ya bukatar a shafa masa kome. Mura ko ɗan tari ba sa hana a yi wa yaro rigakafi. Wanda aka makara da shi ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba, saboda haka uwar da ta tsallake wata biyu kada kunya ko tsoron faɗa ya hana ta komowa. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana yi kuma bai maye gurbin sauran alluran ba. Gidaje da yawa na zaton tun da an ɗiga wa yaro a ƙofar gida an shafa masa alama a yatsa, ai an gama kome, alhali kuwa cuta ɗaya kaɗai aka tare.

Ba a rasa shaidar illar wannan giɓi ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara 5 ba, kuma kashi 31 cikin 100 ne kaɗai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka sami dukan manyan alluran. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, ta fi tsanani a Kano, a watan Yuli na 2023 kuma hukumomin Birnin Tarayya suka ba da sanarwar ɓullarta bayan rasuwar wani yaro ɗan shekara 4 a yankin Dei-Dei. Rigakafin wannan cuta yana cikin allurar nan ta mako 6 da 10 da 14, wadda zafin jikin dare ɗaya ke sa a guje ta.

Darasi Daga Baya

Tarihin ƙasar nan ya nuna fuska biyu na wannan al'amari. Lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi kansa likitan yara ne, ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, an yi gagarumin yaƙi da gudawa, wadda ke ƙarar da ruwan jikin yara ta kashe su. Makamin yaƙin shi ne ruwan gishiri da sukari. Masu shirin ba su tsaya yi wa mata lacca a kan awon kimiyya ba. Sun auna musu da abin da ke cikin kowane gida: kwalbar lemo biyu ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, da ƙaramin cokali goma na sukari. Aka yi ta maimaitawa a rediyo da talabijin da wuraren awo har ya zauna a kan mutane. A yau an fi son a yi amfani da garin da aka riga aka haɗa cikin 'yar takarda, a zuba shi cikin gwargwadon ruwan da aka rubuta a jikinta, a haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Amma darasin bai tsufa ba: magana in an yi ta da ma'aunin da uwa ta sani, takan shiga.

Ɗaya fuskar kuwa mai ɗaci ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan cikin wani bincike da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce an nemi yardarsu, kuma cutar ce ta yi kisan. Shari'a ta ɗauki shekaru kafin a sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan Dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta taso a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake yaɗuwa, ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, a 2006 kuma yaran da ta kama a Nijeriya suka haura 1,000.

Abin da ya gyara ɓarnar shi ne zama da mutane. Aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, malamai suka shiga, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidaje suna amsa tambayoyi, waɗanda cutar ta nakasa su da kansu suka fito suna jan hankalin iyaye. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da shi. Maganin da aka ƙi a 2003 irinsa ne aka karɓa daga baya. Abin da ya sauya shi ne masu magana da yadda suka yi ta.

Halin Da Abuja Ke Ciki

Abuja na da nata matsaloli na daban. Tun da aka ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, jama'a ke kwararowa daga kowace kusurwa. A layin awo guda za a sami Bagwariya, da 'yar Gade, da 'yar Bassa, da Bafulatanar ruga, da Bahaushiya, da 'yar Ibo, da Bayarabiya, da kuma matar da rikicin Arewa maso Gabas ya koro zuwa sansanin Durumi ko Wassa. Ma'aikaciyar da ke duba su mai yiwuwa daga wata jiha take, Turanci kaɗai ya haɗa ta da katin da take cikawa. Sanarwar da aka liƙa da Turanci a bango ta cika umurnin ofis, amma ba ta isa ga mafi yawan masu zama a bencin ba. Hausa da Turancin kasuwa su ne harsunan da suka fi haɗa jama'ar gefen birni, a ƙauyuka kuma sai an haɗa da Gwari da sauran harsunan 'yan ƙasa.

Abu na biyu shi ne rashin sanin wane asibiti ke yin me. A ƙananan hukumomi shida, watau Birni da Kewaye, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji, akwai ƙananan asibitoci na matakin farko, inda ake rigakafi, da awon nauyi, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da maganin gudawa da tari. Sama da su akwai manyan asibitoci irin na Asokoro, da Maitama, da Wuse, da Kubwa, da Nyanya, inda ake kwantarwa da ƙarin jini. Can sama kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Asibitin Ƙasa, wanda da aka buɗe shi a 1999 ma sunansa Asibitin Mata da Yara. Rashin bayani kan sa a kwashi yaro mai mura zuwa babban asibiti a yini a layi, a kuma tsaya da yaro mai jijjiga a ɗakin shan maganin da ba shi da iskar numfashi. Ma'aikacin da ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin nan, ga takarda, ka kai shi asibiti kaza yanzu, kada a kwana," ya yi aikin ceton rai ko da bai ba da ƙwaya ɗaya ba. Faɗar abin da babu, shi ma bayani ne.

Haka kuma in ƙofa za ta kasance a rufe. A 2025 ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja sun yi yajin aiki na watanni kan batun albashi, ƙananan asibitoci da yawa suka tsaya cik. Ko wane ne ke da gaskiya a rigimar, jaririn da ya cika mako 10 a cikin kwanakin nan bai san yaji ba. A irin wannan hali wajibi ne hukuma ta sanar da iyaye inda za su nufa, bayan an sasanta kuma ta bi sawun waɗanda aka tsallake.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne jawo husuma, shi ne kuɗi. Kalmar "kyauta" tana da daɗi a bakin mai jawabi, amma in ba a faɗi iyakarta ba takan zama tarko. Dokar 2014 ta kafa Asusun Kiwon Lafiya na Tushe, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, da nufin tallafa wa aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, Abuja kuwa na da mazaɓu 62. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci yara 'yan ƙasa da shekara 5 cikin masu rauni da aka yi wa tanadi na musamman, Birnin Tarayya kuma na da shirin inshorarsa. Sai dai cin moriyar irin waɗannan shirye-shirye yakan bukaci rajista a asibitin da aka keɓe. Talakan da ya ji rabin labari a rediyo, ya zo aka ce babu sunansa, zai ɗauka ma'aikaci ne ya danne masa haƙƙi. Ma'aikaci mai gaskiya ya sha zagi a banza, mara gaskiya kuma ya sami duhun da zai karɓi abin da ba a ce ya karɓa ba. Allo guda a bakin ƙofa, mai nuna abin da ke kyauta da abin da ake biya da nawa ne, zai kare dukansu biyu.

Mafita

Ba za a manta da halin da ma'aikata ke ciki ba. Nas ɗaya da mataimakiya ɗaya su fuskanci mata masu yawa kafin azahar, ga cika rajista, ga ƙarancin kayan aiki, ga albashin da ba ya kai wata. Wanda ya gaji, bakinsa yakan yi nauyi. Duk da haka akwai abubuwan da ba sa bukatar sabon gini ko kwangila.

Ya kamata Sakatariyar Lafiya ta Birnin Tarayya da shugabannin ƙananan hukumomi su tabbatar kowane asibiti ya kafa allon da sashe na 24 ya tanada, da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, da hotuna domin marasa karatu, tare da lambar wayar kai ƙara wadda in an kira za a ɗauka. Ya kamata kuma kada a sallami uwa sai an gaya mata abu huɗu: abin da aka yi wa yaron, abin da zai iya biyo baya, ranar komowa, da alamun da in ta gani ba za ta jira ranar ba. Alamun nan sanannu ne: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya riƙa aman duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko jini a bayan gida. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, ko zafin jiki kaɗai ya isa a garzaya da shi.

Tambayar "Kin gane?" ba ta da amfani, gama kunya za ta sa kowace mace ta ce ta gane. Abin da ya fi shi ne a ce, "Maman yaro, in kin koma gida yaya za ki ba shi maganin nan?" Daga amsarta za a ji inda aka sami kuskure. A kuma auna lokaci da abin da ta saba da shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa na kwana 3 ne, safe da dare, a ce mata bayan asuba da bayan isha'i, kuma sai an ƙarasa ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Ranar komowa a haɗa ta da ranar kasuwa ko Juma'a, yadda ba za ta shige ba.

Bayanin kuma kada ya tsaya ga mata. A gidaje da yawa maigida ne ke ba da izini da kuɗin mota, kaka kuma ita ce ke da ta cewa a kan jariri. Waɗannan ba sa zuwa wurin awo, saboda haka sai an bi su inda suke: masallaci, da coci, da majalisa, da tashar mota, da wurin suna. Ona na Abaji, da Gomo na Kuje, da Aguma na Gwagwalada, da sauran sarakuna da hakimai da masu unguwa, suna da bakin da jama'a ke saurare, kamar yadda aka gani a yaƙin shan inna. Gidajen rediyon birnin su ma su ware lokaci a shirye-shiryensu na Hausa da Gwari, inda ma'aikacin lafiya zai zauna iyaye su bugo waya su tambaya.

Su kuma iyaye su sani cewa matambayi ba ya ɓata. Tambayar sunan allura, ko dalilin gwaji, ko neman rasit, ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne da doka ta ba su. A tambaya cikin ladabi, a adana kati kamar yadda ake adana takardar fili, a tafi da shi duk inda za a kai yaro. Abin da aka ji a wayar hannu ko a majalisa, a kawo shi gaban ma'aikaci a tantance kafin a yanke hukunci a kan ran yaro.

Gwamnati na iya sayen allura da firji da mota, amma yaro ba ya kai kansa asibiti. Uwa ce ke goya shi, uba ne ke ba da izini, su kuwa ba za su yi tattaki zuwa ga abin da ba a fahimtar da su ba. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A nan kunnen na iyaye ne, jikin kuwa na yaro. Allah ya raya zuri'a, ya ba ma'aikatan lafiya haƙuri da ladan aikinsu, ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, amin.